Hattara da mai tallan sigarin lantarki da batirin 9900 a Yamai

Assalamu alaikum jama'ar Yamai. Ni mai gyaran salula ne a wajen Babbar Kasuwa, shekarata goma sha ɗaya a wannan sana'a. Ba na shan sigari, na takarda ko na lantarki, kuma da za a bi tawa da ba wanda zai kai shi baki. Amma ranar Talata ƙanen matata ya shigo rumfata yana ɗingishi, aljihun wandonsa a ƙone, cinyarsa ta yi bororo kamar wanda aka watsa wa tafasasshen ruwa. Yana bisa babur sigarin lantarkinsa ya fara huci a aljihunsa. Allah ya taƙaita, ya samu ya fizge shi ya yar kafin ya kama da wuta.

Na ce masa, a ina ka samo wannan abu? Ya ce, "Yaya, wajen wani ne a WhatsApp, jika 25 na biya." Mutumin ba shi da shago. Bidiyo yake sakawa a zauruka, yana murza abin, lambar fuskarsa tana hawa daga bolt 3.3 zuwa 4.8, yana rantsuwa kayan Dubai ne. Sai ka tura kuɗi tukuna, sannan yaro ya kawo maka a babur. Abokan ƙanen nawa biyu ma sun saya a wurinsa, na sa suka kawo nasu na ɗora a tebur.

Na kwance kan da ake zuƙa, na sa bakin multimita (na'urar auna wuta) ɗaya a tsakiyar mahaɗin, ɗayan a jikin zaren da ake ɗaure kan, na danna. Fuskar abin ta ce 3.3, mita ta ce 4.1. Na murza zuwa 4.8, mita tana nan a 4.1, ko gezau. Na gaskiya ma wasu wutarsu a tsinke-tsinke take fita, sai mita ta ba ka lamba ƙasa da ta fuskar, wannan ba laifi ba ne. Amma dole lambar ta motsa in ka murza. Da na buɗe cikin sai na ga dalili: fuskar da maɓallin murzawar ado ne kawai, wutar batirin kai tsaye take tafiya zuwa ƴar wayar da ke dumama ruwan da ake zuƙar tururinsa. Ba abin da ke rage ta, ba abin da ke katse ta. Na kirki yakan yanke wuta da kansa in an danne shi kamar daƙiƙa goma. Wannan kuwa muddin maɓallin yana danne, ci yake yi. Abin da ya faru a aljihun yaron nan ke nan.

Batirin ne ya fi tayar mini da hankali. Irin wanda ake kira 18650 ne, kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. An rubuta masa 9900 mAh da manyan baƙaƙe, wato yawan cajin da wai yake ɗauka. Wallahi babu batiri mai wannan girman da ke ɗaukar haka. Na manyan kamfanoni irin Samsung da LG ma iyakarsu wajen 3500 ne. Na gaskiya nauyinsa yakan kai giram 45 ko fiye kaɗan. Na ɗora guda a ƙaramin sikeli, giram 26 ya ba ni. Ɗayan yana da nauyi, sai na yage ledar jikinsa, na tarar da tabon walda a kansa da gindinsa. Tsohon batirin kwamfutar hannu ne aka ɓalle aka sa masa sabuwar riga.

Ga lissafin, ba wuya gare shi. Ka raba bolt da om (ma'aunin yadda waya ke tare wuta), abin da ya fita shi ne ampiya, wato yawan wutar da ake ja. Cikakken batiri bolt 4.2 ne. Ƴar wayar da ke cikin nasu om 0.2 aka rubuta mata. Ka raba, ampiya 21 ke nan. Samsung 25R, wanda aka yi musamman domin jan wuta mai yawa, ampiya 20 aka yanke masa. To ina ga tsohon batirin kwamfuta da ya riga ya gaji? Da na mayar da kan na danna ina aunawa, wutar ta faɗi ƙasa da bolt 3 nan take, batirin ya ɗau zafin da na kasa riƙe shi. Ku haɗa wannan da ranar Yamai ta watan Afrilu, da zafi ke wuce digiri 40, abu kuma yana manne da cinya.

Ƴan uwana masu gyara, kada wani ya juya mita zuwa wajen ampiya ya ɗora bakinta biyu a kan batiri da gindinsa wai zai ga ƙarfinsa. Haɗa wuta ke nan, ko fis ɗin mitar ya tsinke ko batirin ya yi maka aman wuta a hannu. A auna bolt, a duba om, a raba.

Na kira mutumin da lambar da yaran suka ba ni. Na ce, "Malam, kayanka sun ƙona yaro." Ya ce ai yaron ne ya yi masa caji ba daidai ba, ya kashe waya. Zuwa la'asar ya toshe ni. Jiya wani ya nuna mini bidiyon nan dai, hannun nan dai mai zoben azurfa, a wani zauren da sabuwar lamba.

Wanda ya riga ya saya, ya cire batirin yau. Kada ya sa shi a aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi, kada ya jefa shi a shara inda ake cinna wuta. Ya naɗe kansa da gindinsa da salatif ya kai wa mai gyara. Duk mai multimita zai auna maka cikin minti biyu, ni dai ba na karɓar ko dala a kan wannan. Masu hoton tura kuɗi kuma kada su goge, muna tattarawa ne mu kai wa ƴan sanda ranar Litinin.