Yini Guda a Gonar Vergelegen: Sharhin Wanda Ba Ya Shan Giya

Da muka gama taron da ya kai ni Cape Town, kwana ɗaya ya rage mini kafin jirgi, sai na biya wani kamfanin yawon buɗe ido ya kai ni Vergelegen, tsohuwar gonar da ke Somerset West, kimanin kilomita 50 daga birnin. Abokin tafiyata har da dariya, wai me Bahaushe Musulmi zai je yi a gonar giya. Na ce masa ni mai gonar na je gani, ko da yake ya fi shekara ɗari uku da barin wurin.

Sunansa Willem Adriaan van der Stel. A 1699 ya gaji mahaifinsa Simon a kujerar gwamnan Cape ƙarƙashin kamfanin kasuwancin Holan, VOC, kuma a 1700 ya samu wannan fili a gindin duwatsu, bakin kogin Lourens. Ma'anar sunan gonar ita ce "mai nisa", kuma a zamanin keken shanu lallai da nisa. Ya dasa inabi don matsar giya, ya shuka hatsi da itatuwan marmari, ya kafa rugage a bayan duwatsu inda ake kiwata masa shanu da dubban tumaki. Duk wanda ya taso kusa da kara zai gane dabarar nan take. Jiragen ruwan da ke zuwa Indiya da Java dole su tsaya a Cape su ɗauki nama da giya, gwamna kuma shi ke da ta cewa kan wanda za a ba kwangila. Ga shi mai garke, ga shi mai raba kasuwa. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Ƙananan manoma Turawa ne suka kai ƙararsa. Wani Adam Tas ya jagoranci rubuta takardar koke da mutum 63 suka sa wa hannu, gwamna ya kulle shi a kurkuku fiye da shekara, amma takardar ta isa Amsterdam. A 1707 aka tsige Van der Stel aka kira shi gida, gonar kuma daga baya aka yanka ta huɗu aka sayar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne itatuwan kafur guda biyar da ke gaban gidan, waɗanda aka dasa tun zamaninsa. Girman kututturensu ya tuna mini kukokin garinmu. Na tsinci busasshen ganye na murza, sai ga ƙanshin nan na akwatin kayan kakata. Na zauna a inuwar ina ta tunanin hannun da ya haƙa ramin dashen, don na san ba na gwamna ba ne. Bayi ne da aka kwaso daga Madagaska, Indiya da tsibiran Indunusiya, shanun kuma asalinsu na mutanen Khoikhoi ne, 'yan asalin yankin, da aka yi ta rabawa da makiyayarsu. An tono harsashin ɗakin da bayin suke kwana a farkon shekarun 1990, aka samu ƙasusuwan wata mata a ƙarƙashin daɓe, aka sa mata suna Flora, aka sake binne ta a gonar. Na ji daɗi da wurin bai ɓoye wannan ɓangaren ba.

Lambunan a gyare suke tsaf, musamman mai kusurwa takwas ɗin nan. Akwai wurin cin abinci, ni dai shayi da burodi kawai na taɓa.

Ƙorafina yana kan kamfanin da ya kai ni. Sun haɗa kuɗin ɗanɗana giya cikin farashi, na ce ba na sha, suka ce tsarinsu ke nan, ba ragi. Direban kuma sai duba agogo yake, awa ɗaya da rabi ya ba mu saboda akwai wasu gonaki biyu a gaba. Sauran fasinjoji suka nufi ɗakin ɗanɗano, ni na yi ta sauri tsakanin gidan da lambu kamar wanda ake bi bashi. Da ƙyar na roƙe shi ya ajiye ni a Macassar a hanyar dawowa, inda kabarin Shehu Yusuf yake, malamin nan ɗan Indunusiya da Holan suka koro daga ƙasarsa zuwa Sri Lanka, sannan zuwa Cape a 1694, ya rasu a 1699, shekarar da Van der Stel ya hau mulki. Tsakanin wuraren biyu tafiyar 'yan mintoci ce.

Idan za ka je, ka ɗauki shatar mota kai kaɗai, ka biya kuɗin shiga a ƙofa, ka ware rabin yini. Ka tafi da rigar sanyi ko da rani ne, iskar da ke saukowa daga duwatsun nan ba ta da wasa.