PostgreSQL a rajistar manoman shinkafa: ɓarakar da ke cikin NOT NULL na DOMAIN

Ƙungiyar manoman rani a Kura ko Auyo da ke son barin littafi ta koma kwamfuta, PostgreSQL, manhajar ajiye bayanai a tebura, zai yi mata. Kyauta ne, yana aiki a tsohuwar laftof ko babu intanet, kuma yana da CREATE DOMAIN, abin da takwarorinsa MySQL da SQLite ba su da shi. Da shi za ka ƙirƙiri nau'in bayani naka, a ce lambar_waya, ka ɗaure shi da sharaɗin lambobi 11 masu farawa da 0, sai teburin rabon taki da na bashin iri duk su ɗauka daga wuri guda. Wannan ya cancanci yabo.

Inda ake tuntuɓe shi ne NOT NULL, wato sharaɗin da ke hana barin gurbi babu komai (NULL). In an sa shi a jikin DOMAIN, alamarsa tana zama a pg_type.typnotnull cikin teburan da PostgreSQL ke ajiye bayanan tsarinsa, kuma tun fitowa ta 17 a 2024 yana da layinsa a pg_constraint. Sai dai ba lokacin ajiye layi ake duba shi ba, lokacin da ake mayar da bayani zuwa nau'in ne. Magatakarda ya bar gurbi fayau, kuskure 23502 zai fito, madalla. To amma a ce ana kwafo lambar wayar manomi daga wani tebur da ɗan SELECT (umarnin ɗauko bayani), ashe sunansa babu a can. NULL ne zai dawo, sanye da rigar lambar_waya, don haka ba mai tare shi, sai ya shige abinsa. LEFT JOIN, mai haɗa tebura biyu, ma haka yake yi. Ranar rabo a ga buhu biyu a gaban suna, babu lambar da za a kira mai su. Ni dai a ganina wannan babban aibi ne, domin mai rajista ya riga ya saki jiki.

Maganinsa: bar DOMAIN da CHECK kawai (sharaɗi irin na lambobi 11 ɗin nan), ka sa NOT NULL a kowane gurbi na tebur. Wannan a pg_attribute.attnotnull yake, ana duba shi a duk INSERT da UPDATE, wato shigar da layi ko gyara shi. Kar a dogara da CHECK kaɗai, NULL yana wuce shi.

Wanda ya nace sai ya yi ALTER DOMAIN SET NOT NULL, wato ɗora NOT NULL a kan DOMAIN da ake amfani da shi, ya sani umarnin zai bi duk teburan da ke amfani da nau'in, ya hana rubutu a cikinsu har ya gama, in ya ci karo da NULL ko ɗaya kuma ya ƙi. A yi shi da dare, ba lokacin da manoma ke kan layi ba.