Gidan rainon itatuwan da na sayi gawo da kuka

A farkon daminar bara na je wani gidan rainon itatuwa da ke gefen titi a wajen garin Kano, domin in sayi dashen da zan kewaye gonata da shi. Wurin yana da tsabta, an jera dashen cikin baƙaƙen ledoji a ƙarƙashin rumfa, kuma ma'aikatan ba sa ƙosawa da tambaya. Sai dai an cika gaba da furannin ado da darbejiya, wadda asalinta daga Indiya aka kawo ta, alhali gawo da kuka da gamji suna can wani lungu bayan tankin ruwa, kamar ba su ne itatuwan da mawaƙa da maroƙa suka daɗe suna aron sunayensu ba. Ai da gamji ake yi wa Sardauna Ahmadu Bello kirari har yau, amma da na tambayi dalili, sai dattijon da ke kula da wurin ya ce, "Malam, a waƙa ake son su, a gari kuwa sai dai a kai su gidan gawayi."

Na sayi gawo goma da kuka huɗu, kuma farashinsu bai kai na furen ado ba. Kukokin sun kama sarai, har ɗayar da akuya ta cinye wa kai ta sake tohowa bayan mako uku. A wajen gawo ne na sami matsala, domin itace ne mai doguwar saiwa da ke nutsawa ƙasa neman ruwa, wanda shi ya sa yake iya yin kore da rani, da damina kuwa zubar da ganye yake yi. An bar dashen ya daɗe a leda, saiwar ta nannaɗe a gindi kamar gammo, kuma ba wanda ya gargaɗe ni. Huɗu sun bushe kafin sanyin hunturu ya wuce.

Da na san haka, da na yi koyi da manoman Maraɗi, waɗanda tun shekarun 1980 suke rainon tohon tsofaffin kututture ta hanyar sassabin zamani, tun da akwai kututturen gawo biyu a gonar tawa. Zan koma wurin sayen kuka da gamji, amma ba zan ƙara biyan kuɗin gawo ba sai an yage ledar a gabana na duba saiwar.