Matatar ruwa ta aljihu: ta fitar da mu kunya, amma jakarta ta ci mini rai

Duk wanda ya taɓa goya jaka ya hau tsauni ya san ruwa ne ke karya baya, ba tanti ba. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, babu ragi, kuma mai tafiya cikin rana yana iya shanye lita uku zuwa huɗu kafin dare, ban da na girki. Shi ya sa na sayi 'yar matatar nan da ake ɗaurawa a bakin jakar roba, a matsa, ruwa ya fito ta ɗaya gefen. Masu kwanan daji sun san ta, sun san inda ake samunta. Nauyinta bai kai giram 100 ba.

Ranar da ta nuna mini amfaninta, ƙoramar da taswira ta ce za mu tarar ta ƙafe ƙayau, sai yashi da duwatsu. Gorunanmu sun kusa ƙarewa, ɗaya daga cikin abokan tafiyata kuma ya fara kukan ciwon kai, leɓɓansa duk sun bushe. Muka bi kwarin ƙasa-ƙasa har muka samu wani ɗan kududdufi a gindin dutse. Ruwan ja ne, 'ya'yan kwaɗi na yawo a ciki, ga sawun dabbobi a bakin laka. Ko kallonsa ba daɗi. Muka ɗebo a tukunya muka bar shi ya kwanta, muka tace na saman da tsumma mai tsabta, sannan na zuba a jakar na fara matsawa. Wallahi ruwan da ya zubo cikin gora garau yake, kana hango yatsunka ta bayan robar. Ɗan warin ƙasa bai fita ba, amma mun sha mun ƙoshi, abokina ya dawo hayyacinsa.

Ban yarda da ita a take ba, don giyardiya, ƙwayar da ke sa gudawa daga irin wannan ruwa, kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ta nuna kanta. Lokacin ya wuce, alhamdulillahi babu wanda cikinsa ya ko murɗa. Cikin matatar siraran zaruruwa ne masu rami, ƙofofinsu maikron 0.1 kacal (maikron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), bakteriyar kwalara da ta taifot da giyardiyar duk sun fi ƙarfin wucewa. Da a ranar aka ce in rubuta sharhi, da yabo kawai zan zuba.

Sai dai jakar da aka haɗo ta da ita, har yanzu in na tuna raina ɓaci yake yi. Da farko ma cika ta aiki ne. In ruwa ba gudu yake ba, kana tsoma ta sai ta manne, ko rabin kofi ba zai shiga ba, dole ka nemi abin kamfata. Bayan ruwan lakar nan matatar ta fara toshewa, ruwa na fita ɗis-ɗis, dole mutum ya ƙara ƙarfin matsi. Washegari da safe ina cikin matsawa sai ji na yi fat! Jakar ta yage daidai wuya, inda aka liƙa robar da baki. Ruwan datti ya fallatsa mini a riga, ya shiga bakin gorar da na gama cikawa da mai tsabta. Haka na zubar da shi ina ji ina gani, a wurin da kowane ɗigo wahala ne. Ya za a yi a ƙera mataci mai kyau haka, sannan a haɗa shi da leda wadda ba ta jure matsin hannu? Ai matsawar ce aikinta gaba ɗaya.

Abin da ya cece mu shi ne bakin matatar yana hawa kan gorar lemo ta roba. Muka ɗaura ta a kan wata tsohuwar gora muka ci gaba. Gorar tana lotsewa tana ƙara, sai ka riƙa kwance ta iska ta shiga, amma ba ta fashe ba. A kula da 'yar robar zoben da ke cikin bakin, tana faɗuwa ba ka sani ba, kuma in babu ita ruwan datti zai riƙa tsiyaya ta gefe.

Sirinjin da aka sako a kwali yana aiki, nan ba ni da ƙorafi. Ka zuƙi ruwa mai tsabta, ka tura shi da ƙarfi ta bakin fita, lakar ta fito ta baya, gudun ruwa ya dawo. Kada a bar shi a gida don rage kaya.

Akwai abubuwa biyu da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a takardar ciki, alhali a gaban kwali ya kamata su kasance. Na ɗaya, ba ta tare bairas. Wanda ke kawo ciwon hanta nau'in A girmansa wajen maikron 0.03 ne, sumul zai wuce. Maganin feshin gona da sauran sinadarai ma ba ta cire su. Don haka in ruwan ya biyo ta kusa da mazaunin mutane, bayan tacewa nakan jefa ƙwayar kulorin in jira minti 30, ko in tafasa shi minti ɗaya cur, minti uku in mun haura mita 2,000. Na biyu, sanyi. In ruwan da ya saura a cikin zaruruwan ya daskare, yana fasa su, kuma daga waje ba za ka ga alamar komai ba. Za ta ci gaba da ba ka ruwa, ƙwayoyin cuta na bi. A saman tsauni wannan ba wasa ba ne, tunda duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6.5. Ni dai a daren sanyi ƙulle ta nake a leda in kwana da ita cikin jakar barci.

Na rubuta wa mai sayarwar game da jakar da ta yage, har da hoto. Amsar da na samu ita ce garantin na matatar ne kawai, jaka kuwa sai dai in sayi wata. Ban saya ba, kuma ba zan saya ba. Gorunan lemo biyu nake ɗauka yanzu, ɗaya na naɗa mata jan salatif don kowa ya san ta ruwan datti ce.