Littafin AWaRe na OMS: ya isa a koyar da ɗaliban likita a Yamai da shi?

Tun da OMS, Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fitar da littafin AWaRe, jagorar amfani da antibiyotik, a ƙarshen 2022, malamin da ke koyar da antibiyotik ya samu madogara. Kyauta ake sauke shi, shafi kusan 700, ya tattara cututtuka sama da 30: wane magani, nawa, kwana nawa, da kuma inda ba a buƙatar ko ɗaya. Wannan na ƙarshe shi ne ƙarfinsa. Yaro mai zawo na ruwa, SRO (ruwan gishiri da sukari) da zinc sun wadatar. Sai an ga jini a kashi ake zancen siprofuloksasin.

Kasa magani gida uku da ya yi yana saurin zama a kan ɗalibi. Kore, irin amoksisilin, da shi ake farawa. Rawaya, irin seftriyakson da azitromisin, a yi hattara, domin ƙwayoyin cuta na saurin gagararsu. Ja, irin kolistin, sai an rasa mafita. Burin da aka ɗauka a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2024 shi ne kashi 70 cikin 100 na antibiyotik da ake sha su zama kore nan da 2030.

Sai dai na duniya ne, bai san Nijar ba. Ba shi da babi kan zazzaɓin cizon sauro, alhali nan ake yawan kuskure: gwaji ya ce babu, sai a rubuta seftriyakson "don kada". Bai san mai tallan magani a faranti ba, balle uwar da ta tsai da magani kwana biyu don jiki ya yi sanyi.

Giɓin nan, gudummawa ce ke cike shi, kuma lasisin littafin ya yarda a sarrafa shi muddin ba don sayarwa ba. Kowane malami, ɗan farmasi ko ma'aikacin labo ya kawo labarin majiyyaci guda a shafi ɗaya: shekaru, nauyi, alamomi, maganin da ya riga ya sha, sakamakon antibiyogram (gwajin gano maganin da ke cin ƙwayar cutar) in akwai. A cire suna da unguwa. Mutum biyu su duba kowane shafi, a buga masa kwanan wata. Inda ake tuntuɓe shi ne awo: amoksisilin na ciwon huhun yara miligiram 80 zuwa 90 ne kan kowane kilo a yini, a raba biyu. Mai kwafa ya manta "a yini", sai awon ya ninka, kuskuren kuma ya zagaye WhatsApp kafin a farga.