Mai shayin kasuwar Mile 12 da ake cewa yana aiki kamar majanuni

Duk wanda ke sauke kayan gwari a kasuwar Mile 12 ta Legas ya san ƙarfe uku na dare ba lokacin barci ba ne, tireloli na shigowa da tumatir da tattasai da albasa daga Arewa, 'yan dako na ta kai da kawowa, to a daidai wannan lokacin ne nake zuwa wajen wani mai shayi ɗan wajen Katsina, yau kusan wata huɗu kenan. Teburinsa ba wani abin kallo ba ne, benci biyu, risho biyu, tukunyar ruwan zafi da gwangwanayen madara an jera su kamar bene.

Shayin dai gaskiya babu laifi, yana sa citta da kanumfari har ka ji maƙogwaronka ya buɗe, kuma burodin Agege yake yankawa mai laushi, ba kwanan jiya ba. Amma ba don shayin kaɗai ake cika wurin ba. Mutumin nan hannunsa ba ya tsayawa, yana fasa ƙwai da hannu ɗaya, ɗayan na juya Indomie, yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi tun daga saman kansa ko ɗigo bai zuba ba, bakinsa kuma na ta zuba, Hausa, Yarbanci, burokin, duk a haɗe. Yarbawan da ke zuwa suna tsokanarsa da were, wato mahaukaci, wasu su ce gra-gra ɗinsa, wato rawar kansa, ta yi yawa, namu kuma suka ce wannan ai majanuni ne.

Kalmar nan ce ta jawo gardama ranar Talata. Wani dattijo mai sayar da albasa, da alama ya yi zaman makarantar zaure sosai, ya ajiye kofinsa ya ce ku yara kun ma san abin da kuke faɗa kuwa? Ya ce majanuni daga Larabci muka aro, majnun, kuma tushenta haruffa uku ne, jimun da nunun biyu, ma'anarsu rufewa ko ɓoyewa. Daga nan aljani ya fito don ba a ganinsa, daga nan aljanna ta fito, lambun da itatuwa suka lulluɓe, har ɗan tayi a ciki Larabawa janin suke ce masa saboda yana ɓoye. Ya kawo aya ta 76 a Suratul An'am inda dare ya rufe Annabi Ibrahim ya ga tauraro, ya ce kalmar da aka yi amfani da ita a wurin ita ce dai. Wato majanuni shi ne wanda aka lulluɓe masa hankali. Ni wallahi shekara nawa ina faɗin aljani da aljanna ban taɓa kawowa 'yan gida ɗaya ba ne.

Wani yaro ɗan makaranta ya sa baki ya ce Baba, likitoci kuma mania suke cewa, kalmar Girkanci ce, mutum ya kasa barci, ya yi ta surutu da rawar kai, ƙarfi ya zo masa kamar ba zai gaji ba, irin masu wannan lalurar ake dubawa a asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba wanda 'yan Legas ke ce wa Yaba Left. Mai shayi ya ce Allah ya ba su lafiya, ni kam azahar na yi barci nake kamar gawa, Baba a ƙaro ne?

Inda zan yi ƙorafi, saurin nan yana da ranarsa. Sau biyu ina cewa kar a sa min sukari da yawa, kafin in rufe baki cokali uku sun shiga, akwai ranar da ya miƙa min ƙwan wani mai barkono kamar zai cire min harshe. Ba ya karɓar tiransifa kuma sai ka nemi mai POS, ga wurin in an yi ruwa taɓo har idon sawu. Amma lissafi? Mu goma sha ɗaya ne a bencin ranar, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya faɗi abin da kowa ya ci da kuɗinsa ba takarda ba biro, har da rabin burodin da na manta ban biya ba tun Asabar.