Shokar baya: mai laushi ko mai tauri?

Duk mai shiga daji da babur irin KTM ko Yamaha WR sai ya yanke wannan shawara. Idan ka sassauta shokar, tayar baya takan lafe a ƙasa, tana bin duwatsu da saiwoyi a hankali, kuma bayan awa uku ƙugunka bai gaji ba. Inda shoka mai laushi take ba da kunya shi ne wajen dira: ka sauko daga tudu, ta nutse har ƙarshe, ka ji ƙwas a kashin baya.

Mai tauri tana jure dira da gudu cikin yashi, amma a kan tsakuwa sai bayan babur ya riƙa tsalle, taya ta kasa riƙe ƙasa.

Ni dai laushin na fi so, muddin an fara da awo. Ka hau da kayanka duka, wani ya auna yadda bayan ya nutse. A manyan babura ana neman milimita 100 zuwa 105. In sai ka matse sifirin sosai kafin ka kai nan, ya yi maka laushi, canja shi. Daga baya ka taɓa sukurorin saita man cikin shokar, kana juya su ƙas biyu-biyu, kana rubutawa.